Sauyin Fuskar Kwamfuta da Masu Aiki da Ita a Dawakin Tofa

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10, abin da ya tura masu shagunan buga takardu da akawun 'yan kasuwa zuwa Windows 11, ko sun shirya ko ba su shirya ba. A ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, inda kasuwar hatsi ta Dawanau take, kukan da ya biyo baya shi ne sabuwar fuskar ta rikita aiki. Kukan yana da tushe, amma babban laifin yana ga yadda aka koya wa mutane kwamfuta tun farko.

Abin da ya sauya ba shi da yawa. Windows 11, wadda ta fito a 2021, ta mayar da maɓallin Start da alamomin manhajoji tsakiyar sandar ƙasa, ta kuma tattara tagogin manhaja ɗaya ƙarƙashin alama ɗaya ba tare da sunayensu ba. Teburan aiki da yawa a kwamfuta ɗaya kuwa suna nan tun Windows 10 a 2015, sai dai kaɗan ne suka san da su.

Matsalar ita ce yawancin masu aikin sun haddace wuri ne, ba su fahimci tsari ba. A cibiyoyin koyon kwamfuta na 'yan watanni, darasin yakan tafi ne da "danna nan, sannan ka danna can." Ɗalibi ya san Start tana kusurwar hagu, amma ba a nuna masa cewa kowace taga tana nan da aikinta ko da ta ɓace daga ido ba. Ga kuma tasirin waya: mafi yawan matasa da ita suka fara, kuma ta saba musu da manhaja ɗaya ta cika allo. Jarrabawar JAMB, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ta kai ɗaliban karkara gaban na'ura, amma abin da take buƙata bai wuce zaɓar amsa a shafi ɗaya ba.

Illar wannan tana fitowa fili a aikin akawu lokacin kakar riɗi. Yana da Excel na lissafin buhuna, da Word na takardar ciniki, da WhatsApp inda mai saye daga Legas yake aiko da farashi. Yatsun akawun uku suka goga faifan linzami zuwa ƙasa, sai tagogin duka suka sauka, allo ya zama wayam. Ko kuma ya danna Windows da Ctrl da D bisa kuskure, ya faɗa sabon tebur babu komai a kai. Wanda bai san tsarin ba sai ya ɗauka aiki ya salwanta, ya kashe na'urar ya kunna, a nan ne kuma abin da bai adana ba yake ɓacewa da gaske. Inda ake aiki da janareta, kowane minti da aka ɓata man fetur ne, ga kuma mutane suna jira a kan benci. Alhali Alt da Tab sun isa su dawo da tagar da ta sauka, Windows da Tab kuma su nuna duk teburan a jere.

Masu ɗora laifin kan kamfanoni suna da hujja. Windows 8 ta cire maɓallin Start a 2012, sai da aka dawo da shi a shekara mai zuwa. A ɓangaren Linux, fuskar GNOME 3 ta fusata masu amfani a 2011 har aka samar da fuskokin MATE da Cinnamon. Windows 11 ma tana neman wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, wanda da yawa daga cikin tsofaffin kwamfutocin hannu ba su da shi. Duk da haka, fushi da kamfanin da ke Amurka ba zai hana wani sauyin zuwa ba.

Gyaran yana hannun malaman kwamfuta da masu shaguna. Darasin farko ya kamata ya zama na buɗe tagogi uku, da yawo tsakaninsu da madannai, da ware tebur ɗaya ga lissafi, ɗaya ga saƙonni, musamman a ƙananan alluna. Masu gyara kuma za su iya mayar da Start hagu daga saitin sandar ƙasa kafin su miƙa na'ura ga mai ita, su nuna masa maɓallan nan biyu-uku, domin su ne ba su sauya ba daga Windows 10 zuwa 11.