Wuni Guda A Ƙasa Tsakanin Teku Da Tafki

A kudu maso yammacin ƙasar Wales, cikin Birtaniya, akwai wani yanki da ake kira Pembrokeshire, wanda teku ta kewaye shi ta gefe uku. A shekarar 1952 hukuma ta keɓe gaɓarsa domin kada a ɓata ta, a 1970 kuwa aka buɗe hanyar ƙafa mai tsawon mil 186 wadda ta bi bakin teku. Mai son ya gama ta duka sai ya yi kamar mako biyu yana tafiya. Amma akwai wani ɗan zagaye na wajen mil 6 a ƙasar Stackpole, wanda uba da uwa da yaransu za su iya gamawa a wuni guda. Bari mu bi shi tare, mai karatu.

Ana tashi daga wata 'yar tashar jiragen ruwa, Stackpole Quay. An gina ta a ƙarni na 18. Daga nan ake ɗaukar farin dutsen da ake ƙonawa a sami farar ƙasa, ta nan kuma kwal yake shigowa. Da barin tashar sai hawa, sai mutum ya ga kansa a kan tudu mai gajeriyar ciyawa, teku tana hannun hagu.

Bayan rabin mil sai a iske wata katangar dutse mai ƙofa, da matakala da ke gangarawa zuwa Barafundle. Wani lungun teku ne mai rairayi mai laushi, da jigawa da itatuwa a bayansa. Babu hanyar mota zuwa wurin, babu kanti, babu famfo. Wanda bai zo da ruwan sha ba zai gane cewa ruwan da ya cika masa ido ba ya kashe ƙishirwa, gama gishiri ne. Abin da mutum ya zo da shi kuma, da shi zai koma, har takardar da ya ƙunso gurasa.

Daga nan hanya ta sake hawa zuwa Stackpole Head, inda ƙasa ta yi tsini cikin teku. A nan dutsen ya miƙe tsaye kamar ganuwa, tsayinsa wajen ƙafa 100. Igiyar ruwa ta daɗe tana cin gindinsa, ta huda koguna da ƙofofi, a wani wurin ma rufin kogo ya rufta ya bar rami a tsakiyar fili. Babu shinge a baki. Dole iyaye su riƙe hannun ƙananan yara, musamman ran da iska take da ƙarfi ko ciyawa ta jiƙe. Kafin tsakiyar shekara tsuntsayen teku sukan cika tsagogin dutsen suna ƙwai. Akwai kuma wani ɗan'uwan hankaka, baƙi ƙirin, mai jan baki da jajayen ƙafafu, wanda ya yi ƙaranci a Birtaniya. Yana tonon ƙwari a gajeriyar ciyawa, saboda haka kiwon dabbobi a kan tudun yana taimakonsa.

In aka ci gaba sai a gangara Broad Haven, wani faffaɗan fili na rairayi. A cikin ruwa akwai wani dutse tsaye shi kaɗai, suna ce da shi Dutsen Coci saboda siffarsa. Teku a nan tana cikowa tana janyewa sau biyu a kwana guda, kuma a lokacin sabon wata da cikarsa bambancin yakan kai wajen ƙafa 20. Inda ka shimfiɗa tabarma da hantsi, da azahar kifi ne a wurin. Mai hankali yakan duba lokacin cikowar ruwa tun bai bar gida ba.

To, a bayan wannan rairayi abin mamakin yake. Tafiya kaɗan daga ruwan gishiri sai ga tafkunan Bosherston, ruwan daɗi, kwance shiru cikin itatuwa. A watan Yuni farin bado yakan rufe fuskar ruwan, ɗan'uwan badon da muka sani a tafkunanmu. Akwai zalɓe, da kifaye, da karen ruwa, wanda sai mai sammako da haƙuri yake gani.

Waɗannan tafkuna aikin hannun mutum ne. Dā kwaruruka uku ne. Iyalin Campbell na Cawdor, masu sarauta daga Sikotlan waɗanda suka sami ƙasar ta hanyar aure, su suka datse su tsakanin 1780 da 1860, domin su ƙawata gaban babban gidansu, Stackpole Court. A 1797 suka gina gada mai bakan gizo takwas a kan reshen gabas. Gab da Yaƙin Duniya na Biyu soja suka karɓi babban sashe na ƙasar domin koyon harbi, riƙon gidan ya gagara, aka rushe shi a 1963. A 1976 tafkunan da gaɓar suka koma hannun National Trust, ƙungiya mai kula da wuraren tarihi domin jama'a. Gidan da aka yi tafki dominsa ya tafi, ruwan da aka tara domin idon iyali ɗaya kuwa yau ɗan talaka yana zagaya shi a ƙafa.

Amma abin da hannu ya yi, hannu yake riƙe shi. Reshen yamma da na tsakiya suna samun ruwa daga idanun ruwa na cikin farin dutse, shi ya sa suke garau. Reshen gabas kuwa rafuka ne daga gonaki suke cika shi, suna kawo laka da ragowar takin zamani. Laka tana cike tafki, taki kuma yana sa gansakuka ta yi yawa ta shaƙe sauran tsire-tsire. Masu kula da wurin suna ta fama da tare laka tun ba ta shiga ba. In aka yi sakaci, tafkin zai zama fadama, badon da karen ruwa su ɓace. Duk wanda ya ga yadda madatsar ruwan garinsu take cikewa da yashi shekara bayan shekara ya san wannan ciwo.

Daga gada mai bakan gizo takwas, hanyar gona ta wajen mil guda ita take mai da mutum tashar da ya baro da safe. Guzurin tafiyar ba shi da yawa: takalmi mai kama ƙasa, rigar ruwa domin sararin Wales ba shi da alkawari, gorar ruwa, da abinci. Kada a yi gaggawa. A bar yara su ɗanɗana ɗigon ruwan teku a harshe, su tsaya a kan gada su dubi ruwan daɗi, sa'an nan a tambaye su wa ya tare shi, kuma wa zai kula da shi bayan mu.