Hannun Ƙarshe Kafin Magani Ya Shiga Jiki

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da damina ta kankama sauro ya yi yawa, ɗakunan kwantar da yara a asibitocin birnin Katsina cika suke yi maƙil. Babban Asibitin Katsina, Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, da Asibitin Koyarwa na Tarayya wanda a da ake kira Cibiyar Lafiya ta Tarayya, duk labarin ɗaya ne: zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, gudawa, da tamowa. A irin wannan lokaci ne ɗaliban Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma suke fita aikin gwaji, kuma a nan ne ɗaliba take fara gane cewa darasin ilimin magunguna da ta haddace don cin jarrabawa rai ne na ɗan mutum a hannunta. Likita ya rubuta, mai haɗa magunguna ya bayar, amma wadda ta zuƙa a sirinji ta tura a jijiya ita ce ta ƙarshe. In kuskure ya tsallake ta, babu wanda ya rage ya tare shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki al'amarin da muhimmancin da ya sa a watan Maris na 2017, a birnin Bon na Jamus, ta ƙaddamar da gangami na musamman da nufin rage mummunar illar kuskuren magani da rabi cikin shekara 5. A ƙiyasinta, irin wannan kuskure yana cin kimanin dala biliyan 42 duk shekara a duniya. Ƙasashen da suke da kwamfuta a gefen kowane gado ma suna kuka da shi, balle mu da sau da yawa nas ɗaya take riƙe ɗaki guda da dare.

Kowane ɗalibi ya san ƙa'idojin nan biyar: majinyacin da ya dace, maganin da ya dace, adadin da ya dace, hanyar da ta dace, a lokacin da ya dace. Ana rera su a aji kamar karatun allo. Damuwata ita ce an ɗauko su daga littafi ba a zaunar da su a ƙasarmu ba. Ɗauki ta farko kawai. A ɗaki guda za ka iya samun A'isha uku, Muhammadu huɗu, wani lokaci yara biyu a kan gado ɗaya. Ga kuma alkunya: uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, in an tambaye ta sai ta sunkuyar da kai ko ta ba da laƙabi, alhali sunan yanka ne a jikin kati. Mai jinya kuma, saboda ladabi, duk sunan da nas ta kira zai amsa da "na'am". Don haka ba a cewa, "Ke ce maman Fatima?" Cewa ake, "Baba, faɗa mini sunan yarinyar da na mahaifinta," sannan a gwada da lambar kati. Lambar gado ba shaida ba ce, domin ana sauya wa majinyata gado tsakanin aikin safe da na dare.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne lissafin adadi, musamman ga yara. Maganin yaro da nauyinsa ake auna shi, ba da shekarunsa ba, kuma a yankin da tamowa ta yi katutu ɗan shekara 3 yana iya zuwa da nauyin ɗan shekara 1. Duk wanda ya kimanta nauyi da ido ya yi ganganci; a ɗora yaro a sikeli. Allurar atesunet, wadda ita ce kan gaba wajen maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, misali ce mai kyau. Yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 a kowane kilo, wanda ya kai 20 ko ya wuce kuma miligiram 2.4. Ana yin ta farko, a sake bayan awa 12, a sake a awa ta 24, sannan sau ɗaya a rana har ya iya shan magani ta baki. Kwalbar miligiram 60 ana fara narka garinta da mililita 1 na ruwan bayikabonet da ke zuwa tare da ita, a jira ya washe. In ta jijiya za a yi, sai a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri, kowace mililita ta ɗauki miligiram 10. In ta tsoka ce, mililita 2 ake ƙarawa, kowace mililita ta ɗauki miligiram 20. To, ga yaro mai kilo 12: haƙƙinsa miligiram 36, wato mililita 3.6 a haɗin jijiya, ko 1.8 a haɗin tsoka. Ɗalibar da ta haɗa na tsoka ta zuƙi 3.6 ta ninka wa yaron magani, kuma babu abin da zai nuna mata, domin ruwan iri ɗaya ne a ido. Haka kuma wanda aka haɗa ba a ajiye shi don allura ta gaba, zubarwa ake yi.

Ko farasitamol da kowa ya raina yana da nasa tarko. Miligiram 15 a kowane kilo ake ba yaro, babba kuma kada ya wuce giram 4 a rana, domin fiye da haka yana lalata hanta. Amma ruwan da ke kasuwa ba ƙarfi ɗaya ba ne: akwai mai miligiram 120 a mililita 5, akwai na ɗigawa ga jarirai mai miligiram 100 a mililita 1 tak. Nas ɗin da ta ce wa uwa "ki ba shi cokali ɗaya" ba tare da ta duba kwalbar ba, ba ta gama aikinta ba. Wane cokali? Na shayi ko na shan koko? Sirinji marar allura ko murfin awo za a nuna mata, a sa ta gwada a gaban nas. A rubutu ma, ɗigo ɗaya yana kisa: in aka rubuta .5 ba a sa sifili a gaba ba, mai gaggawa zai karanta 5, ya ba da ninki goma.

Duk waɗannan ba sa zama a kai sai an fahimci abin da jiki yake yi da magani. Magani yana shiga, ya bazu cikin jini da gaɓoɓi, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta fitar da shi ta fitsari. Wanda aka sha sai ya bi ta hanji da hanta kafin ya isa jini, shi ya sa yake jinkiri kuma wani kaso yake raguwa a hanya. Wanda aka tura a jijiya ya shiga gaba ɗaya nan take, ba a kuma janyo shi. Daga nan ɗaliba za ta gane dalilin da ya sa ruwan fotasiyam kulorayid ba a taɓa tura shi kai tsaye a jijiya: yana tsayar da zuciya. Sai an surka shi a ledar ƙarin ruwa, an girgiza sosai, ya riƙa ɗiga a hankali. Za ta kuma gane cewa "duk awa 8" ba daidai yake da "safe, rana da dare" ba. Kowane magani yana da tsawon lokacin da rabinsa yake barin jini, kuma tazarar da aka sa an sa ta ne don kada ya yi ƙasa har ƙwayar cuta ta farfaɗo. Allurar ƙarfe 2 na dare da aka ɗage zuwa asuba don kada a tashi majinyaci ba tausayi ba ne.

Ƙoda ita ce gaɓar da ya kamata nas ta fi sa wa ido. Jentamayisin yana da arha kuma yana aiki, amma ta ƙoda yake fita, in ya taru yana lalata ƙodar yana kuma kurmantar da mutum, kurumtar da ba ta warkewa. Wannan ne ya sa hukumar NAFDAC ta haramta allurarsa mai ƙarfin miligiram 280 a 2010. Yaron da gudawa ta tsotse, ya yini bai yi fitsari ba, kafin a yi masa allura ta gaba sai an sanar da likita. Tambayar "ya yi fitsari yau?" tana cikin ba da magani, ba gaisuwa ba ce.

A ɗakin haihuwa kuwa, maganin da ya kamata kowace ɗaliba ta sani kamar sunanta shi ne maganiziyam salfet, na jijjigar masu ciki. Jijjiga tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a Arewa, kuma an ga yadda mace-mace suka ragu ƙwarai a asibitocin jihar Kano bayan da aka horar da ma'aikata aka wadata su da shi daga 2008. Tsarin da aka saba shi ne giram 4 ta jijiya a hankali, da giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk awa 4. Sai dai tsakanin adadin da ke tsayar da jijjiga da wanda ke tsayar da numfashi tazarar ba ta da yawa. Kafin kowace allura sai an buga gwiwa an ga ƙafa ta harba, an ƙirga numfashi bai gaza 16 a minti ba, an auna fitsari ya kai mililita 100 a awa 4 da suka wuce. In ɗaya ya gaza, a dakata a kira likita. Makarinsa, kalsiyam gulukonet giram 1, ya kasance a kusa tun kafin a fara. Ita ma allurar oksitosin da ke tsayar da zubar jini bayan haihuwa, sanyi take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. A Katsina, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, wadda ta daɗe a kan tire ko a aljihu ƙarfinta raguwa yake yi, sai a yi ta yi wa mace allura jini bai tsaya ba.

Allurar ɗuwawu ma tana da wurinta: a raba ɗuwawun gida huɗu, a yi a ɓangaren sama na waje. Wanda ya kauce ya sami babbar jijiyar da ke sauka ƙafa, yaro ya tashi yana jan ƙafa, wani har ƙarshen rayuwarsa. Ga ƙananan yara gefen cinya ya fi aminci.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a kati ba. Da wuya majinyaci ya iso asibiti bai fara biyawa ta kemis ba, ko bai sha jiƙo da sassaƙe ba. Da yawa an ba su "haɗi" a ƙulle a leda, ba suna ba adadi, kuma sau tari akwai farasitamol ko maganin ciwon jiki a ciki. In nas ta yi tambayar da faɗa, za a ce mata ba a sha komai ba. In ta ce, "Inna, me da me aka gwada a gida? Kawo in gani, don kada mu maimaita," sai a zaro ledar daga jaka. Abinci ma yana da hannu. Maganin zazzaɓi na atimita da lumefantirin ya fi shiga jini in an sha shi da abu mai maiƙo, kamar madara ko nono. Amma wannan nonon, da kanwa, da maganin ƙarin jini, suna riƙe tetarasayikilin da sifurofulozasin a hanji su hana su aiki. Mai shan rifamfisin na tarin fuka a gaya masa tun farko fitsarinsa zai yi ja, kada ya tsorata ya daina, mace kuma a gaya mata yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa. Da azumi, mai ciwon suga ko hawan jini yakan sauya lokutan shan magani da kansa. Gara a zauna da shi da likita a tsara kafin watan ya kama.

Wani lokaci laifin daga kwalbar yake. A 1990 yara sama da 100 suka rasu a Jos da Ibadan bayan shan ruwan farasitamol da aka haɗa da sinadari mai guba da ke kashe ƙoda. A ƙarshen 2008 aka sake maimaitawa da maganin haƙori na My Pikin, yara 84 suka rasu, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin wuraren da aka fara ganin yaran suna zuwa fitsari ya ɗauke musu. A 2022 irin wannan guba ta kashe yara kusan 70 a Gambiya. A duk waɗannan, ma'aikatan da ke tsaye a gefen gado ne suka fara lura cewa abin ya yi yawa, suka fara tambayar iyaye me aka sha. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da takarda ruwan ɗorawa ta kai rahoton illar magani, kuma nas tana da ikon cike ta. Duba lambar rajista, ranar lalacewa, da launin ruwan magani ba ya cin minti ɗaya.

Abin da ya fi duk waɗannan wuya ba lissafi ba ne, buɗe baki ne. An tarbiyyantar da mu kan kara da girmama na gaba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma ɗalibar da ta ga adadin da bai yi mata daidai ba, ko rubutun da ba ya karantuwa, ta yi shiru don kada a ce ta cika iyayi, ta bar majinyaci ya biya kuɗin kunyarta. Matambayi ba ya ɓata. Ana iya tambaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, nauyinsa kilo 8 ne, adadin nan haka yake?" Likita nagari godiya zai yi. Haka nan ba a ba da allurar da wani ya zuƙa ya ajiye ba suna, ba a sa hannu a kati kafin a ba da magani, kuma in kuskure ya auku ana faɗa nan take, domin yawancin kurakurai suna da gyara a sa'o'in farko.

A nan nauyin ya koma kan manya. Ɗakin da ake tsawata wa ɗaliba a gaban majinyata don ta yi tambaya, ɗaki ne da za a riƙa ɓoye kuskure. Ina roƙon malaman kwaleji da shugabannin ɗakuna a Katsina su sa lissafin magani ya zama jarrabawar da ba a tsallake ta da rabin maki, su tabbatar kowane ɗakin yara yana da sikeli mai aiki da jadawalin adadi manne a bango, kuma kada ɗaliba ta tura insulin, fotasiyam ko maganiziyam sai ƙwararriyar nas ta sake lissafawa tare da ita. Ku kuma ɗalibai, duk maganin da ba ku san aikinsa, adadinsa da illarsa ba, ku ajiye sirinjin ku tambaya tukuna.