Wata shida da tarin fuka: mutane sun guje ni, Allah bai bar ni ba

Ranar da likita ya ce mini tarin fuka ne, wallahi ban ji tsoron mutuwa kamar yadda na ji tsoron bakin mutane ba. Shekara takwas ke nan ina koyarwa a wani ƙauye cikin jihar Maraɗi, kowa ya san ni.

Kafin sati ya zagayo, labari ya cika gari. Majalisar da muke shan shayi bayan la'asar sai ta watse da zarar na doso. A gida aka ware mini kofi da kwano. Ɗalibaina da ke rige-rigen ɗaukar mini jaka suka koma gaishe ni daga nesa, iyayensu sun ja musu kunne.

Da dare, tari ya hana ni barci, sai in riƙa tambayar kaina: shin Allah fushi yake yi da ni?

Ladaninmu, dattijo mai kusan shekara saba'in, shi ya cire mini wannan ƙaya. Kullum bayan asuba zai shimfiɗa buzunsa a ƙofar gidana, mu gaisa a sarari. Ran nan ya ce: "Malam, ɗana, da ciwo alamar ƙiyayya ce, ai da Allah bai jarrabi Annabi Ayuba ba. Ka sha maganinka, shi ma rahama ce."

Na riƙe maganar. Wata shida cur ina haɗiyar ƙwayoyi, ban tsallake rana ba, kuma ban biya ko dala ba, don maganin kyauta ne. A asibiti na koyi cewa cutar ta iska take bi, in mai ita ya yi tari ko atishawa. Kofi da musafaha ba sa ɗaukarta. Bayan 'yan makonni da fara magani, haɗarin harbin wani yana raguwa ƙwarai.

Yau na koma aji, alhamdu lillahi. Abin da ke damuna shi ne masu ɓoye tarinsu don gudun tsangwama, har su shafa wa iyalinsu.

Ɗan'uwa, in tarinka ya wuce sati biyu, je a auna majinarka. In kuma maƙwabcinka ne ya kwanta, leƙa shi, ko daga bakin ƙofa ne. Wataƙila ta hanyarka Allah zai nuna masa bai manta da shi ba.