Idan Ƙasa Ta Canja Hannu, Mutanenta Fa?

'Yan'uwa manoma, da zarar an saki ruwan Tiga don noman rani, Kura da Bunkure da Kadawa sukan cika da baƙi 'yan cin rani. A ce ɗayansu ya nemi shiga ƙungiyarmu ta gama kai, muka tambaye shi inda aka haife shi, ya ce Darak, can wajen Tafkin Chadi. Sai wani ya ce, "Ai Darak ƙasar Kamaru ce." To, wannan mutum ɗan wace ƙasa ne? Kafin mu yanke hukunci, bari mu ga abin da ya faru sau uku.

Na fari, a nan gida. A 1903 sojan Ingila suka fasa Bebeji, suka wuce suka ci Kano. Daga nan, a wurin doka, kakanninmu suka zama mutanen da ke ƙarƙashin kariyar Ingila. Ran 1 ga Oktoba 1960 aka sami mulkin kai, Tsarin Mulki ya mai da su 'yan ƙasar Nijeriya, muddin a nan aka haife su, a nan kuma aka haifi ɗaya daga cikin iyayensu ko kakanninsu. Ba wanda ya cika takarda.

Na biyu, ƙasar Mubi da Bama da Gwoza da Gembu. Da fari Jamusawa ne suka mallake ta. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ba Ingila riƙonta. A watan Fabrairu 1961 aka jefa ƙuri'a, mafi yawan mutanen suka zaɓi Nijeriya. Ran 1 ga Yuni 1961 suka shigo, aka kira wurin Lardin Sardauna, aka gyara doka su ma suka zama 'yan ƙasa. Nan ƙasa da mutanenta tare suka tafi.

Na uku shi ne Darak, kuma ya bambanta. Fari ya sa tafki ya janye, masunta da manoma daga Nijeriya suka bi ruwa, suna kafa ƙauyuka har suka haye iyaka. Ran 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya ta ce wurin na Kamaru ne. A watan Disamba 2003 Nijeriya ta janye ma'aikatanta daga waɗannan ƙauyuka. Amma kotu iyaka ta shata, ba ta sake wa kowa ƙasa ba. Kamaru kuwa ta yi alkawarin kare 'yan Nijeriya da ke zaune a can. Wanda ya zauna, dole ya bi dokar Kamaru. Wanda ya dawo, gida ya dawo.

Ga abin da Tsarin Mulki na 1999 ya ce a sashe na 25: ko da a wata ƙasa aka haifi mutum, in uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne tun haihuwa. Ashe ke nan abin da za mu tambayi baƙon nan shi ne su wane ne iyayensa, ba wace tuta ke bisa garinsa yau ba.

Saboda haka kada mu kori ɗan'uwa a kan jita-jita. Mu kanmu kuma mu shirya. Kowane yaro a yi masa takardar haihuwa a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Kowane babba ya karɓi katin zama ɗan ƙasa, ya adana shi inda ruwa da gara ba za su taɓa ba, musamman masu tafiya cin rani bakin iyaka. Sakatarorin ƙungiyoyi su tuna wa jama'a a taro mai zuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.