'Yan kwana-kwana: su wane ne, kuma me ya sa ruwansu ke saurin ƙarewa?

Ga hunturu ya kankama, ciyawa ta bushe ƙayau, an tara auduga tuli-tuli ana jiran motocin Sodecoton. Lokacin gobara ke nan. Shi ya sa shirinmu na wannan mako ya tsaya a kan 'yan kwana-kwana, waɗanda a nan muka fi sani da pompiye. Ga abin da muka tattauna, ga wanda bai samu saurare ba.

Wani bawan Allah mai shago ne ya tayar da maganar. Ya bugo waya yana cewa: "Ɗana, mutanen nan sai wuta ta gama ci suke zuwa, in sun zo kuma kafin ka ce kwabo sun ce ruwa ya ƙare." Na san da yawanku haka kuke gani. To bari mu bi maganar daki-daki, domin wanda ya san yadda aikinsu yake zai san abin da ya rage a wuyansa shi kansa.

Sojoji ne, ba ma'aikatan magajin gari ba

Abu na farko da mutane da yawa ba su sani ba: ɗan kwana-kwana a Kamaru soja ne. An kafa rundunarsu ta ƙasa a shekarar 1986, tana ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, kuma muƙamansu irin na soja ne, daga ƙaramin soja zuwa kofur, saje, kaftin, kanar, har janar. An rarraba su rukuni-rukuni a manyan birane: Yawunde, Duwala, Bamenda, sai nan arewa inda ake da rukunin Garwa da na Marwa.

Wannan tsari daga Faransa aka gaje shi. A 1810 gobara ta tashi ana tsakiyar biki a gidan jakadan Ostiriya a birnin Paris, ta ci rayuka. Shekara guda bayan haka, a 1811, Napoleon ya mayar da masu kashe gobarar birnin rundunar soja. Har yau haka suke, kuma takensu shi ne: ko a ceto, ko a halaka. Nijar ma hanyar ta bi, 'yan kwana-kwananta sojoji ne. Najeriya kuwa daban: akwai hukumar kashe gobara ta tarayya a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, sannan kowace jiha, kamar Adamawa da Borno da Kano, tana da tata. Suna sa kaki, amma ba soja ba ne.

Ku da kuke tsallaka iyaka, ku riƙe lambobin nan a ka, ba a waya kawai ba. A Kamaru 118. A Nijar 18. A Najeriya lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Kiran kyauta ne, ko ba kuɗi a wayarka zai shiga, kuma ba a ciniki da kai kafin a fito.

Lissafin ruwa

Yanzu ga amsar Alhaji mai shago. Motar kashe gobara ta yau da kullum tana ɗaukar ruwa kamar lita 3,000. Wato duro 15 na lita 200, ko jarka 150 ta lita 20. In ka ji haka sai ka ce ai da yawa. To amma babbar mesa guda ɗaya, in an buɗe ta sosai, tana iya fitar da lita 500 a minti guda. Ku yi lissafi da kanku, ku 'yan kasuwa ne: minti 6 ke nan tanki ya koma wayam. In mesa biyu aka buɗe, minti 3.

Kun ga ke nan ba da tanki rabi suka zo ba. A birnin da aka tsara, akwai bakunan famfo na musamman a gefen titi, da mota ta iso sai a jona ta, ruwa ya yi ta zuwa. Inda babu irin wannan, ko akwai amma an gina rumfa a kansa, dole mota ta koma neman ruwa, wuta kuwa ba ta jiran kowa. A nan ƙasarmu kuma kun san yadda mayo yake da rani: yashi ne zalla, sai an tona.

Sai maganar nisa. Mota ce mai nauyi, ɗauke da tan 3 na ruwa ban da kaya da mutane, ba ta gudu kamar babur. In daga Marwa za ta taso zuwa wajejen Kaele, tafiyar ta fi sa'a guda. Rumfar zana kuwa, ko ɗakin ciyawa, a cikin mintoci kaɗan yake zama toka. In kuma ta iso kasuwa ta tarar an cika hanya da tebura da buhuna da babura, ga 'yan kallo sun yi cincirindo, sai ta tsaya a bakin ƙofa ana jan mesa.

Akwai kuma abin da ke ɓata wa mutane rai: ka ga shagonka na ci, su kuma suna zuba ruwa a na maƙwabcinka da bai kama ba. Ba son kai ba ne, ba kuma don an ba su wani abu ba. Ƙa'idar aikin ce: a fara ceton rai, sannan a tare wutar kada ta yaɗu, sannan a kashe ta. Wanda ya riga ya ƙone ba ya dawowa, amma layi goma na bayansa ana iya tsirar da su. Hausawa ai sun riga su faɗa: in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Rayuwar bariki

Mai gadi a bariki yakan kwana ya wuni a bakin aiki. Da sassafe a yi fareti a kira suna, sannan a duba kaya ɗaya bayan ɗaya: mesa, tsani, igiya, famfo, man mota, da tukunyar iskar da suke goyawa a baya. Wannan tukunya kamar rabin sa'a take yi wa mutum a cikin hayaƙi, in aikin ya yi tsanani ma ba ta kaiwa. Bayan nan motsa jiki, sannan atisaye. Ko yana cin abinci, ko yana barci, da ƙararrawa ta kaɗa zai bar komai ya hau mota. Ku tuna da zafin watan Maris da Afrilu a Garwa, da ma'auni ke wuce 40, sannan ku ɗora wa mutum riga mai kauri da hular kwano da takalmi, ku tura shi gaban wuta.

Wata al'adarsu da ta burge ni: ba a shiga wuta mutum ɗaya. Bibbiyu ake shiga, tare za ku shiga, tare za ku fito. Makiyayi zai gane wannan, don shi ma ba ya so a tsallaka Lagone da garke ba tare da wani na baya ba.

Kuma aikinsu bai tsaya ga wuta ba. Su ne ake kira in mota ta kife a kan babbar hanyar Garwa zuwa Marwa mutane suka maƙale cikin ƙarfe. Su ne masu ciro wanda ya nitse a Binuwai. Su ne na lokacin ambaliya, irin wadda ta auka wa Garwa da Maga a 2012, da wadda ta cinye unguwanni a Yagwa da Kusuri a 2022 da 2024. Su ne kuma masu shiga rijiya. A nan ina roƙon iyayena makiyaya: in mutum ya sauka rijiya mai zurfi ya yi shiru, kada wani ya bi shi haka kawai. Sau da yawa ba faɗuwa ya yi ba, iskar ƙasan ce ba ta da kyau, musamman in an tayar da injin ban ruwa a ciki ko a bakinta. Na biyu zai faɗi inda na farko ya faɗi, na uku ma haka.

Ɗanka zai iya zama ɗan kwana-kwana?

Ƙwarai kuwa, har 'yarka ma, domin akwai mata a rundunar. Ƙofar ita ce jarrabawar ɗaukar soja da ma'aikatar tsaro ke shelantawa a rediyo da jarida. Ana neman ɗan ƙasa wanda ya kai shekara 18, mai lafiya, wanda ba shi da tabon laifi a kotu, kuma yana da takardar makaranta. Gwargwadon takardarka, gwargwadon matakin da za ka nema. Manyan hafsoshi a makarantar EMIA ta Yawunde ake horar da su. Wanda aka ɗauka sai ya fara koyon aikin soja tukuna, sannan ya koyi na wuta da na agajin gaggawa. A ciki akwai sana'o'i iri-iri: direba, makaniki, mai jinya, mai ninƙaya, mai karɓar kira, da mai zagayawa duba gine-gine da kasuwanni.

Abin da ke kayar da yaranmu tun kafin a fara gudu shi ne takardar haihuwa. Yaro ƙaƙƙarfa, wanda ya saba da tafiyar yini guda bayan shanu, ya san daji ya san iska, amma ba shi da takarda. Ba takardar haihuwa, ba jarrabawar gama firamare. Ba wannan, ba katin ɗan ƙasa cikin sauƙi, ba kaki. In an haifi yaro a je ofishin magajin gari da wuri. In an makara, sai an bi ta kotu, da wahala da kashe kuɗi. Kuma ku yi hattara da mai cewa a kawo saniya biyu zai sama wa yaro gurbi. Da yawa sun rasa saniyar, sun rasa gurbin.

Amfanin ɗan gida a wannan aiki ba ƙarami ba ne. Tsohuwar da ke ihu da Fulatanci ko Mundang ko Tupuri cewa akwai jariri a ɗakin baya, tana bukatar wanda zai ji ta nan take.

Mintocin farko naku ne

Tunda mun ga mota na nesa, ruwanta kuma ƙidayayye ne, to wa ke kashe gobara a mintoci goma na farko? Mu ne.

Wuta da abu uku take rayuwa: abin da za ta ci, iska, da zafi. Ka raba ta da ɗaya, ta mutu. Masu sayar da zuwa-zuwa, ku ji da kyau: ba a kashe wutar fetur da ruwa. Fetur ya fi ruwa rashin nauyi, sai ya hau kansa ya bi shi yana ci har shagon maƙwabci. Yashi ake zubawa, ko a rufe da jiƙaƙƙen bargo. Ajiye bokitin yashi biyu kusa da teburinka. Kuma tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasa yake rarrafe ba ka ganinsa, har ya kai ga murhun mai shayi ko mai tsire. Kada a kwana da jarkoki a ɗakin da ake girki ko ake kunna fitilar kwai.

In tankar mai ta faɗi, ku gudu, ku kori yara. A Nsam ta Yawunde, ranar 14 ga Fabrairu 1998, taragon mai ya yi haɗari, jama'a suka taru ɗiba, wuta ta tashi, sama da mutum 200 suka mutu. A Yamai, cikin watan Mayu 2019, kusa da filin jirgi, sama da 50. A Majiya ta jihar Jigawa, cikin Oktoba 2024, sama da 150. Duk labari ɗaya ne: bokiti a hannu.

Wutar lantarki kuma, a fara yanke ta daga mita kafin a taɓa ruwa. Auduga tana ɓoye wuta a cikinta ta yi ta ci a hankali, don haka tulin da ya kama, ko ya mutu a ido, a baje shi a yi gadinsa. Masu ƙona ciyawar karal kafin dashen muskuwari, da masu ƙona daji don sabon tsiro, a share iyaka tukuna, a sanar da jauro da maƙwabta, a kunna da sanyin safiya ko yamma lis, ba da tsakar rana iska na kaɗawa ba. In wutar daji ta taso muku da garke, kada ku gudu gabanta ta inda iska ta nufa, ta fi ku sauri. Ku ratse gefe, ku nemi inda ya riga ya ƙone, ko fili, ko yashin mayo.

Wanda ya ƙone, a yi ta zuba masa ruwa mai tsabta, mai sanyi ba ƙanƙara ba, kamar minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta a kai shi asibiti. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja, ban da kashin shanu.

In za ka kira 118, ka kira tun wutar tana ƙarama, ba sai ta gagare ku ba. Ka faɗi gari da unguwa da wata alama da kowa ya sani, ka faɗi abin da ke ci, ko mai ne ko auduga ko gida, da ko akwai mutum a ciki. Kada ka kashe waya sai sun sallame ka. A tura yaro da babur ya tarye su a bakin hanya. A hana yara kiran wasa, domin layin da suka toshe wani na can yana nema da kuka. In sun iso, a buɗe musu hanya, masu amalanken ruwa su taimaka, kuma don Allah ban da jifa. Gilashin motar da aka fasa yau, ita ce motar da za a jira gobe.

Shugabannin kasuwa da sarakunan fawa da na tasha, ga aiki: ku zagaya wannan mako ku duba ko mota za ta iya ratsa layukanku. In ba za ta iya ba, a matsar da tebura tun yanzu.

Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu, Ya kai garke gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a daidai wannan lokaci.