Amsoshin Takardunku: Zafin Injin Babur da Zaɓen Baƙin Mai

Takardu uku muka haɗa a wannan mako, domin duk hanyarsu ɗaya. Ta farko daga wani ɗan kasuwa a Ƙauran Namoda, mai kai kaya kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Ya ce injin babur ɗinsa kan yi zafi har ƙarfinsa ya ragu kafin ya isa. Ta biyu daga wani manomi a Zurmi, yana tambaya ko gaskiya ne baƙin mai mai kauri ya fi. Ta uku kuwa wani ɗan kabu-kabu ne daga Shinkafi, yana so ya ji ko man mota zai yi wa babur.

To Alhaji na Ƙaura, da kai za mu fara. Baburan da muke hawa a nan, irin su Boxer da Jincheng, ba su da lagireto irin na mota, ba a zuba musu ruwa. Abu biyu ke sanyaya su: iska da baƙin mai. Ka duba kan injin, za ka ga ƙarfe jere-jere kamar haƙarƙari. Ba ado ba ne. Zafin ciki yana fitowa ta jikinsu, iska ta kwashe shi in kana tafiya. In laka ta toshe su da damina, ko mai ya yi yoyo ƙura ta manne, ka lulluɓe injin da bargo ke nan. Haka mai ɗaura buhu ko kwali a gaban injin, ya tare masa iska.

Kowa kan ɗora wa rana laifi, kuma gaskiya ne daga Maris zuwa Mayu zafi a ƙasarmu kan haura digiri 40. Amma injin an ƙera shi ya jure wannan. Abin da ba ya jurewa shi ne buhu uku na gero da mutum biyu, a cikin rairayi, a giya ta ɗaya. Injin na ihu, babur na rarrafe, iska ba ta zuwa. In hanya ta zama haka, ka tsaya a inuwa in wurin da aminci, ka kashe shi minti goma ko sha biyar. Kada ka bar shi yana aiki a tsaye, wannan ƙara zafi ne. Kuma don Allah kada ka watsa masa ruwan sanyi yana tsananin zafi, ƙarfen na iya tsagewa ko ya lanƙwashe.

Akwai wani abu da ya yawaita tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023. Mutum ya je wajen bakanike ya ce a matse masa kafireto don babur ya rage shan mai. To, in fetur ya yi kaɗan iska ta yi yawa, wutar da ke ci cikin injin ta fi zafi. Za ka rage kuɗin lita ɗaya yau, gobe ka sayi fistin da zobba. Ga yadda za ka gane: a kwance fulogi a duba bakinsa. In ya yi launin ƙasa-ƙasa, lafiya lau. In ya yi fari fat, an matse da yawa, a sassauta. In ya yi baƙi da kunkunniya, fetur ya yi yawa, ko kuma soson tace iska ya toshe da ƙura, wanda da hunturu sai an riƙa wanke shi akai-akai.

Sai Malam na Zurmi. Mutanenmu kan ɗiga mai tsakanin yatsu biyu, in ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa su ce wannan shi ne mai. Yatsa ba ya auna mai, Malam. Aikin mai ba santsi kaɗai ba ne, yana zagayawa ya ɗebo zafi daga fistin ya sauke a ƙasan injin, ya kuma wanke datti. In ya cika kauri, da sanyin asuba ba ya saurin hawa saman injin, ƙarfe ya ci ƙarfe kafin ya iso. In ya cika tsinkewa kuma, da injin ya ɗau zafi sai ya zama kamar ruwa.

Shi ya sa ake rubuta lamba biyu a jikin galan, misali 20W-50. Ta farko tana nuna yadda man ke gudu in yana da sanyi, ta biyu kuma kaurin da yake riƙewa in ya kai digiri 100. Wannan lamba ita ce aka fi nema ga irin baburanmu, amma wasu sababbi na son wanda ya fi tsinkewa, kamar 10W-30. Littafin da ya zo da babur shi ne alƙali. In ba ka karanta boko, ka ba yaronka ɗan makaranta ya duba maka.

Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya kuwa, ni dai ba na ba kowa shawarar sayensa. Ba lamba, ba suna, ba ka san ko tsohon mai ne aka tace ba. Babur bai wuce kimanin lita ɗaya yake sha ba. Ka sayi mai hatimi a murfi, ka buɗe da hannunka. Injin da ya buga a kan hanyar Zurmi zuwa Jibiya da yamma, a irin halin da muke ciki, ba asarar kuɗi kaɗai ba ce.

Ɗan kabu-kabu na Shinkafi, amsarka a taƙaice: kada ka saba. A mota man injin dabam, na giya dabam. A babur kuwa mai ɗaya ke yi wa injin da giya da kuloci aiki, kulocin ma a cikin man yake jiƙe. Wasu man mota na zamani an sa musu sinadarin ƙara santsi, sai kulocin ya riƙa zamewa: ka murɗa, injin ya yi ƙara, babur bai ja ba. Saboda haka ne Japanawa suka fito da wani ma'auni a 1998. Ka nemi rubutun JASO MA ko MA2 a jikin galan, tare da 4T. Mai 2T na tsofaffin baburan nan ne masu hayaƙi, waɗanda mansu ke ƙonewa tare da fetur. Kada a haɗa su.

Game da juye, littafin ya faɗi kilomita, amma mai aiki kullum cikin ƙura da kaya ya riga lokacin da aka rubuta. A juye injin na da ɗumi, don dattin ya biyo man, a wanke rariyar da ke ƙasa. Kowace safiya ka kafa babur a tsaye a wuri mai daidai, ka zaro sandar awo, man ya kasance tsakanin layi biyu. Cikawa ya wuce layi ma illa ce, yakan jawo yoyo da hayaƙi. Masu ƙetare gulbin Gagare da damina, in kun ga man ya koma fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, a juye shi a ranar.

Takardar da ta zo kan iskar taya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.