Ɗan tayin da ba uwa ba uba

Kafin mace ta tabbatar ta yi ɓatan wata, aiki ya riga ya yi nisa a mahaifarta. Tsakanin mako na biyu da na huɗu da shigar ciki ne ɗan tayi ke kafuwa, ya fara ware inda kai zai fito da inda ƙashin baya zai bi. A nan ne kuma ciki da yawa ke zubewa, wani ma mai shi ba ta san da shi ba.

Masana sun daɗe ba su da hanyar leƙa wannan gaɓa. Abin bai kai ƙwayar gero ba, hoton ciki ba ya nuna shi. Dokar Birtaniya ta 1990 kuma, da irinta a ƙasashe da dama, ta hana rainon tayin ɗan Adam a ɗakin gwaji fiye da kwana 14.

Sai suka bi ta bayan gida. A Satumbar 2023, Jacob Hanna da abokan aikinsa na Cibiyar Weizmann a Isra'ila suka bayyana a mujallar Nature cewa sun haɗa kwaikwayon tayi ba maniyyi, ba ƙwan mace. Ƙwayoyin halitta na tushe suka ɗauka, waɗanda ke iya rikiɗa su zama kowane sashen jiki, suka sarrafa su da sinadarai zuwa iri huɗu, suka cakuɗa ƙwayoyi kusan 120, suka zuba ido. Ba wanda ya jera su. Da kansu suka nemi gurabensu: waɗannan su yi jakar ruwa, waɗancan su kewaye ta waje kamar mabiyiya. Ruwan da aka raine su a ciki ma da aka ɗiga a tsinken gwajin ciki, sai ya nuna akwai ciki.

Kada dai a yi saurin kambama abin: kusan ɗaya cikin ɗari ne ya haɗu yadda ake so. A Shanghai ta ƙasar Sin, an bayyana a 2023 cewa an dasa irin na birai a mahaifar birai takwas. Uku suka nuna alamar ciki, babu wanda ya ɗore.

Amfanin kwaikwayon tayin shi ne gano dalilin ɓari da nakasar haihuwa, da gwada magungunan da ake tsoron ba mai juna biyu. Doka ce aka bari a baya, domin saboda tayi na gaske aka rubuta ta. Sai a Yulin 2024 masanan Birtaniya suka fitar da ƙa'idar aiki, wadda ta hana dasa shi a mahaifar mutum ko ta dabba.